Naman Ayu

Zuwaira ta dawo hutu daga Gombe,
ta miƙo mini waya ina tsakiyar alwala:
"Baba, dubi abin da ake yi a ƙasar ƙanƙara."
Na duba. Fari fat, ba itace, ba ciyawa,
wani cikin rigar gashi ya ɗaga gora
a kan dabba mai idon jinjiri.
Jini ya malale kamar zoɓo a kan alawayyo.
Ta ce, "Waɗannan ba su da imani."
Na ce to. Na ƙarasa wanke ƙafar hagu.

Ban ba ta labarin ba.
Shekarar da gero ya ƙone a tsaye,
ina ɗan tara, muna kwana da tafasa ba ƙuli,
Kawu Gidado ya yi dare uku a kwalekwale
ƙasa da Dadin Kowa, inda Gongola ke karya kwana,
zago a cinyarsa, sauro a wuyansa,
yana jiran ciyawar gaɓa ta motsa babu iska.

Ran na huɗu mutum bakwai suka ja ta da igiya.
Ayu. Da a bakin tsofaffi kawai nake jin ta.
Leɓe irin na saniya, jiki kamar rumbu ya kife,
nono biyu ɓoye a hammata.
Da wuƙa ta shiga, madara ta riga jini fita.
Goggo Dudu ta juya baya,
ta ja gyale ta rufe ƙirjinta.

Liman ya ce abin ruwa halal ne.
Aka kasa gida goma sha ɗaya.
Na ci. Wallahi na ci, har na suɗe yatsa,
ban kuma ƙara cin nama mai taushinsa ba.
Larai 'yar maƙwabta, da ƙafafunta suka kumbura
har an fara yi wa uwarta maganar haƙuri,
aka ɗiga mata romo da cokalin duma.
Kwana uku ta tashi zaune ta nemi tuwo.
Man kuwa, kwalba tara, ya tafi kasuwar Kumo,
ya dawo a kan jaki, dawa buhu biyu.

Sai dai ɗan ya zo.
Daidai inda aka ja uwar,
yana fito da hanci, ya huro, ya nutse, ya kewayo.
Dare biyar ana jin hucinsa daga zauren Kawu.
Na shida kogi ya yi shiru.

Kawu ya soke zago a jinka, tsatsa ta gaje shi.
Ya koma ga karfasa da tarwaɗa har ƙarshen ransa.
Na taɓa tambayarsa, bayan na yi gemu.
Ya daɗe yana ƙulla koma kafin ya ce,
"Da yunwar ta dawo, da na koma.
Amma kada ka ce na yi barci."

Yau akwai allo a bakin gaɓa, mai tambarin hukuma,
yana hana kashe abin da ya riga ya ƙare.
A tasha kuma ana ta tallan man ayu,
ni na san ƙanshin man gyaɗa in na ji shi.

Mutumin ƙanƙarar nan, ban san shi ba, Zuwaira.
Ban san gida nawa ke jiran sa ba,
ko kuwa fatar kawai yake so, ya bar naman ga tsuntsaye.
Wayar ba ta nuna wannan ba.
Idon dabbar ta nuna, kuma idon gaskiya ne.

Ta sake kunnawa, ta kai wa uwarta.
Larai na bakin murhu tana tsince wake.
Ta kalla har ƙarshe, ba ta ce komai ba,
sai ta miƙe ƙafafunta, ta daɗe tana dubansu.